Inda Layin Dogo Bai Kai Ba: Kwana Biyar a Sakkwato

Ƙarfe bakwai saura muka bar tashar Zariya, mu shida a ƙaramar mota, domin direban ya ce ba ya son la'asar ta riske shi a hanya. Babu wanda ya nemi ƙarin bayani. Duk mai bin hanyar Funtuwa zuwa Tsafe a 'yan shekarun nan ya san abin da ya sa ake sammako, ya kuma san yadda hira ke mutuwa a mota idan an shiga wasu dazuzzuka, kowa ya koma jan carbi. Shekara goma sha ɗaya rabona da Sakkwato, garin mahaifiyata. Neman abinci ne ya riƙe ni a Kurmi, inda nake kula da sito a wani kamfanin 'yan ƙasar waje a Agbara, cikin jihar Ogun. Kawuna, wan mahaifiyata, shi ya aiko cewa ƙafa ta fara gaza masa, in zo tun ana ganin juna.

Wanda ya daɗe a Agbara idonsa ya saba da wani abu. Daga ƙofar wannan masana'anta sai ƙofar waccan: ga Nestlé na 'yan Suwizalan, ga Unilever, ga na Indiyawa, ga na Kwarori, ga na 'yan Sin. Ka ɗan matsa Igbesa ka tarar da yankin masana'antu da mutanen lardin Guangdong suka kafa tare da gwamnatin Ogun. Ka nufi Ota ka tarar da gidan Indomie, wanda kamfanin Tolaram na Singafo ke da babban hannu a ciki. Ikeja, Ilupeju, Apapa, Shagamu, duk haka abin yake. Saboda wannan sabo, tun da muka wuce Funtuwa nake ta leƙen gefen titi ko zan ga doguwar katanga da bututun hayaƙi da tireloli a layi. Ban gani ba. Abin da na yi ta gani shi ne allunan MTN da Airtel, ɗaya na Afirka ta Kudu ɗaya na Indiya, sai katan-katan na taliya da magi da madarar gari jibge a kowane shago, har a ƙauyen da bai fi gida hamsin ba. Kayansu sun iso ko'ina. Su ne dai ba su iso ba.

A Gusau muka tsallaka layin dogo, ƙarfen ya yi tsatsa. Reshe ne da ya taso daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, daga nan bai ƙara ko taku ɗaya ba. Auduga da gyaɗa ya zo ɗauka. Shi ya sa injinan gurzar auduga na Turawan Ingila suka zauna a Funtuwa da Gusau, kantuna suka biyo su, Gusau ta zama garin ciniki. Sakkwato kuwa, cibiyar daula, tana can gaba da kilomita ɗari biyu da wani abu, kuma har yau babu dogo.

Kusa da Talatar Mafara wani dattijo a motar ya miƙa hannu wajen Bakolori. Ya ce ya yi lebura a wurin lokacin da Italiyawan kamfanin Impresit ke gina madatsar ruwan, wadda aka gama a 1978. Ya ce a lokacin garin cike yake da baƙi da motoci da kuɗi, ga kuma manoman da aka raba da gonakinsu, waɗanda kokensu ya ƙare da zubar da jini a 1980. Da kwangila ta ƙare, baƙin suka naɗe tabarmarsu. Wannan ma wani irin zuwa ne na kamfanin waje, zuwan ɗan kwangila. Inda gwamnati ta ajiye kuɗi nan yake sauka, kuma ba ya dasa bishiya.

Muka bi ta Tureta da Dange da Shuni, muka shiga gari bayan azahar. Watan Maris ne, rana na dukan kwanon rufi har kana jin yana ƙara. Na hau kabu-kabu zuwa cikin tsohon gari. Kawu na zaure a kan buzunsa, ya rame, amma muryar na nan yadda na san ta.

"Lale da baƙon Ikko. Ka taho lahiya? Ina ka baro iyalin?"

Na durƙusa na gaishe shi, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Aka kawo fura mai sanyi a ƙwarya.

Kawu dillalin fata ne, kamar yadda mahaifinsa yake. Da dare, bayan an yi isha an shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, na faɗa masa abin da na yi ta lura da shi a hanya. Sai ya gyara zama.

"Ina yaro, ni ka rakka baba kanti. Akawu shi duba hwata ɗai-ɗai, shi ɗaga ta ga rana shi ga ko wuƙa ta taɓa ta, kana shi aza ga sikeli. Ta ɗaya daban, ta biyu daban. In sunka tara da yawa sai a ɗaure a aza ga mota sai Gusau, can jirgi ka ɗauka. Manyansu ba su zamna nan ba, ɗana. Akawu da sikeli ɗai sunka aje muna."

Kantunan da yake nufi su ne irin su UAC da John Holt, waɗanda suka mamaye cinikin amfanin gona da fata a arewa zamanin Turawa. Fatar da suke nema kuwa ba ƙaramar fata ba ce. Jar akuyar Sakkwato, wadda a Nijar ake ce wa ta Maraɗi, fatarta na cikin waɗanda duniya ta yarda da su. Tun kafin kanti, majema na jeme ta da bagaruwa, a rina ta da karan dafi, raƙuma su haura da ita Sahara zuwa biranen arewacin Afirka. Turawa a can bakin teku suke saye, don haka suka raɗa mata suna fatar Maroko, suka yi ta yi wa littattafansu bango da ita. Akuyar tamu, wuƙar tamu, jimar tamu, sunan na wani. Wannan magana ta daɗe tana ci mini rai, kuma zaune a gaban mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kanta sai na ji ta sabuwa.

Amma akwai abin da ya fi sunan muhimmanci. A wancan zamani mu ne a bakin gaɓa. Sahara ita ce teku, raƙumi shi ne jirgi, Katsina da Kano da Sakkwato su ne mashiga. Baƙin 'yan kasuwa na lokacin, Larabawan Gadamas da Tarabulus, a Kano suka yi unguwa, Dandalin Turawa, domin nan ayari ke sauke kaya. Baƙon ɗan kasuwa tun fil azal a bakin ƙofar da kaya ke shiga yake zama. Ƙofar ce ta juya. A 1885 Joseph Thomson ya zo har Wurno wurin Sarkin Musulmi Umaru da takardar yarjejeniya a madadin kamfanin da ya zama Royal Niger Company. Ya karɓi abin da ya zo nema ya koma, kamfanin kuma ya ci gaba da zama a bakin kogin Kwara, su Lakwaja da Asaba da Akasa, inda jirgin ruwansa ke iya kaiwa. Da dogo ya isa Kano a 1911 sai zancen ayarin Sahara ya ƙare. Gaban ƙasa ya koma kudu, mu da muke ƙofar gida muka koma ƙuryar ɗaki.

Washegari na yi ziyara a Hubbare, na zaga dangi, na ci hoce a gida uku. Wanda ya yi ta yawo da ni a babur jikan kawu ne, saurayi mai natsuwa. Ya karanta kimiyyar sinadarai a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya yi bautar ƙasa, shekara uku ke nan yana zaune a rumfar POS a bakin kasuwa. Da la'asar muka tsaya wurin dukawa ina duba jakunkuna, sai ya fito da abin da ke cikinsa.

"Baba, wai mi munka yi musu? Albasa tamu, hwata tamu, shinkafa ga ta ga fadama. Amma duk kamfanin da na rubuta ma takardar neman aiki, adireshinsa Legas."

Ban so in ba shi amsar 'yan siyasa ba, wai an tsane mu. Na ce masa zan faɗa masa abin da nake gani a sitona kullum, shi ya auna. Yawancin abin da ke shiga siton nan a kwantena yake zuwa: sinadarai, robar ƙunshi, kayan gyaran inji. Daga Apapa ko Tin Can zuwa Agbara, idan cunkoso bai tare hanya ba, tafiyar yini ce. Kwantenar nan in za ta zo Sakkwato sai ta ci kilomita sama da dubu, kwana da kwanaki, ga man gas, ga shingaye, ga fargabar hanya. In an sarrafa kayan kuma, mafi yawan masu kuɗin saye suna can inda kwantenar ta baro, Legas da kewayenta. Ke nan kaya ya hau ya kuma sauko. Mai kamfani da ya zo da kuɗinsa daga wata ƙasa ba zai biya kuɗin mota sau biyu ba alhali zai iya biya sau ɗaya.

Na ce masa sai wuta. Masana'antun Ikeja da Ota da Agbara ba da wutar gari suka dogara ba. Bututun iskar gas ne ya taso daga Neja Delta ya zo har ƙofarsu, suna kunna nasu injinan wuta da shi. A nan, wanda zai kafa inji sai dai ya sha dizal, kuma dizal ɗin ma daga kudu tanka za ta kawo. Bututun da ake shimfiɗawa daga Ajaokuta, mai tsawon kilomita 614, ta Kaduna zai bi ya tsaya a Kano. Shi ma, kamar dogo, bai yi nufin zuwa nan ba.

Dalilin da ya fi kowanne ƙarfi a wurina shi ne wanda ba a cika faɗa ba: suna son junansu kusa. Idan bel ɗin inji ya tsinke mana ƙarfe biyu na dare, kafin asuba an samo wani a Legas, an samo kuma makanikin da ya san injin, domin ya taɓa aiki da irinsa a kamfanin maƙwabta. Mai yin katan yana tsallaken titi. Mai buga takardar jikin kwalba yana bayanmu. Mai kwalbar ma yana nan. Banki, lauya, ɗan fiton kaya daga kwastan, duk tafiyar sa'a ɗaya. Ma'aikacin da wancan kamfani ya horar shekara biyar, wannan sai ya ƙara masa albashi ya ɗauke shi. Sabon baƙo in ya zo da jarinsa ba ya buɗe taswira ya nemi inda aka fi buƙatarsa. Tambaya yake ina 'yan'uwansa suka sauka, kamar tsuntsaye a gonar gero. Ba'indiye ya bi Ba'indiye, ɗan Sin ya bi ɗan Sin. Na farko ne kawai ke yin zaɓi, sauran bin sawu suke yi. Ga kuma rayuwar manyan ma'aikatansu: jirgin da zai kai su gida kai tsaye, makarantar yara, asibiti, ofishin jakadanci. Ofisoshin nan kuwa sun daɗe suna gargaɗin mutanensu game da zuwa jihohin arewa maso yamma, kuma wanda ya biyo hanyar da na biyo jiya ba zai ce sun yi ƙarya ba.

Shi ya sa idan hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta fitar da rahoton jarin da ya shigo daga waje, Legas da Abuja ke kwashe kusan duka, jihohi da dama kuwa ko sisi ba a rubuta musu. Wani ɓangare na wannan aikin takarda ne, domin kuɗin a hedikwata ake rubuta shi ko da a wani wuri za a kashe. Sai dai hedikwatar ma ai wani abu ce, nan manyan albashi suke, nan ake yanke shawara.

Yaron ya yi shiru, sannan ya ce, "To Kano hwa?"

Na ce Kano da Kaduna su ne rukuni na biyu, kuma dalilin bai canja ba. Kano ta samu dogo, ta samu filin jirgin sama tun zamanin Turawa, ga jama'a, ga Kwarorin da suka zo cinikin gyaɗa suka zauna har jikoki. Haka aka samu Bompai da Sharaɗa da Chalawa. Kamfanin Lee, masu yin silifa da kayan roba, daga Hong Kong suka zo suka kafu a can. Fatar da kakansa ya yi ta tarawa, yau ma yawancinta Kano take zuwa, a jeme ta a manyan majemu, ta wuce Italiya da Sifaniya ta zama takalmi da jaka. Kaduna kuma mahaɗar dogo ce kuma hedikwatar Jihar Arewa. Gwamnatin Sardauna ta jawo Turawan Ingila aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, sai 'yan Japan da 'yan Hong Kong suka biyo baya, Kakuri ta cika da masaƙu.

Rana ta uku na ce ya kai ni Kalambaina. Tun daga nesa kake hango hasumiyoyin, ƙura ta yi wa ganyen bishiyoyi fari, tireloli sun yi layi har ba ka ganin ƙarshensu, masu shayi da masu abinci da masu faci sun kafa nasu gari a gefe. A karon farko tun barina Ogun na ji ƙamshin wurin da na sani. Kamfanin simintin nan an kafa shi a 1962, ya fara aiki a 1967 da tan dubu ɗari a shekara. Da aka sayar da kamfanonin gwamnati a 2000, Scancem na ƙasar Nowe ne ya karɓi ragamarsa. Bayan shekara takwas suka sayar suka tafi, daga baya ya koma hannun BUA na Abdul Samad Rabiu. A 2018 aka buɗe sabon layi mai tan miliyan ɗaya da rabi, a Janairun 2022 aka buɗe wani mai tan miliyan uku, kuma 'yan Sin na kamfanin Sinoma ne suka yi ginin.

Me ya kawo mutumin Nowe Kalambaina, wurin da mai yin madara da mai yin sabulu suka ƙi zuwa? Dutse. Farar ƙasar da ake ƙonawa a yi siminti tana kwance a ƙarƙashin wannan yanki, kuma nauyinta ya fi ƙarfin a ɗauke ta zuwa Legas. Dole inji ya zo inda take. Dalilin da ya kai Turawan Ingila Ewekoro ke nan, shi ya kai su Ashaka a jihar Gombe ta yau, wuraren da daga baya suka koma hannun Lafarge na Faransa. Shi ne kuma ya zaunar da Shell a Fatakwal da Warri, Chevron a Escravos, Mobil a Eket, tun bayan da aka haƙo mai a Oloibiri a 1956. Ba son fadamar Delta suke yi ba, rijiya ce ba ta tashi. Tsaye a gefen titin nan na gane matsayinmu sarai. Abin da ya yi nauyin da ba a iya ɗauka, shi ake biyowa har gida. Abin da ke ɗaukuwa, fata da albasa da shanu da yaro mai digiri, shi ake ɗorawa a mota.

Akwai 'yan kaɗan da suka fara kallon noma ta wannan fuska. OCP na Maroko, masu takin zamani, da suka tashi kafa wuraren haɗa taki a Najeriya sun zaɓi Ogun da Kaduna da Sakkwato, domin taki ma kaya ne mai nauyi, gara a haɗa shi kusa da manomi. A Argungu, maƙwabtanmu, an buɗe babban injin casar shinkafa na WACOT a 2017. Olam na Singafo ya kafa wurin yin abincin kaji da ƙyanƙyasa a Kaduna, shi ma a 2017, kusa da masara da waken soya. Waɗannan suna ba ni ƙarfin gwiwa, amma ba su kai a ce an yi rukuni ba. Ɗaya a nan, ɗaya a can, babu mai katan a tsallaken titi.

A hanyar dawowa yaron ya ce ai gwamnati na iya tilasta musu su watsu. Na ce an taɓa gwadawa. A shekarun 1970, da kuɗin mai ya yi yawa, gwamnati ta shiga haɗin gwiwa da kamfanonin mota ta rarraba su: Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, Mercedes a Inugu, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Peugeot a Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975. Har ta kai sassan Peugeot a jirgin sama ake kwaso su daga Lyon ta Faransa zuwa Kano, sannan a kai Kaduna a haɗa. Muddin gwamnati na saye kuma naira na da ƙarfi, abin ya tafi. Da naira ta karye, aka buɗe ƙofa ga motocin gwanjo, yawancinsu suka durƙushe. Masaƙun Kakuri ma haka suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. A ganina gwamnati na iya cewa kamfani zauna nan, amma ba umarni ke riƙe shi ba. Hanya da wuta da kwanciyar hankali ke riƙe shi, kuma su ne aikin da gwamnatocinmu na arewa suka fi sakaci da shi.

Kada a ɗauka ina yi wa kamfanonin waje kallon waliyyai. Na zauna a cikinsu, na san yadda ake riƙe yaro shekara da shekaru a matsayin ma'aikacin wucin gadi, na san ribar inda take tafiya. Na kuma ga yadda suke tashi idan lissafi ya ƙi. Michelin da Dunlop sun daina yin taya a ƙasar nan tun 2007 da 2008, Procter & Gamble da GSK sun janye a 2023. Amma na ga wani abu da idona da ba zan ɓoye ba. Yaran da suka shigo wurinmu ba su san komai ba, bayan shekara goma sun iya warware inji su mayar, sun iya auna inganci, sun iya riƙe lissafin kaya. Da yawansu yau suna da nasu ƙananan wurare a Ota da Sango, suna ɗaukar wasu. Kamfani ko ya tafi, hannun da ya koya yana nan. Wannan shi ne abin da Sakkwato ke rasawa, kuma ya fi albashin zafi a raina.

Rana ta huɗu muka yi sammako zuwa Illela, tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintoci, a bakin iyakar Nijar. Daga can Birnin Ƙonni ce, harshe ɗaya, dangi ɗaya. Lokacin albasa ne, buhuna sun yi tsibi-tsibi, warinta ya cika iska, 'yan dako na lodin tireloli masu zuwa Legas da Anaca da Fatakwal. Wani mai albasa ya nuna mini tarin da ya ware gefe, ta fara ruɓewa.

"Alhaji, yanzu ba ta da kuɗɗi, kowa ya kawo. In damina ta kama ta yi tsada, amma rabin wagga ba ta kai lokacin. Da akwai mai busar da ita ko mai ɗakin sanyi, da mun huta."

A Illela ne tunanina ya ɗan juya. Daga Legas in ka kalli taswira, Sakkwato ƙarshen hanya ce. Daga nan kuwa baki ce ta wata kasuwa, Ƙonni da Tawa da Agadas har gaba, tsohuwar ƙofar nan ta kakanni. Mai kamfani da zai kafa inji a nan ba don ya sayar a Legas ba, don ya sayar wa arewa da Nijar, lissafinsa zai iya fita. Sai dai wace ƙofa ce wannan? An rufe ta a Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024. Mutanen da na zauna da su a rumfa sun ba ni labarin kayan da suka lalace a kan mota da jarin da ya narke. Babu mai zuba biliyoyi a bakin ƙofar da za a iya garƙamewa cikin dare ɗaya daga Abuja.

Kowa a Illela zancensa sabuwar hanyar da aka ƙaddamar a 2024, wadda za ta taso daga nan ta bi ta Kabi da Neja da Kwara ta sauka Badagiri, kilomita 1,068. Abin ya taɓa ni, domin Agbara a kan titin Badagiri take. Ke nan ranar da aka gama, daga rumfar mai albasar nan har ƙofar sitona titi ɗaya ne. Ina fatan a gama ta, ina roƙon Allah a gama ta. Amma na tuna Gusau. Hanya baki biyu gare ta. In ba a tanadi wuta da tsaro da wurin da inji zai zauna a wannan kai ba, abin da za ta yi shi ne ta ƙara saurin fitar albasa da fata ɗanye, ta ƙara saurin shigowar katan.

Daren ƙarshe na daɗe a wurin kawu. Ya sa aka ɗauko wata jakar fata ja daga cikin adaka, irin ta dā, ɗinkin hannu, ta yi laushi saboda daɗewa. Ya ce ta mahaifinsa ce, a cikinta yake zuba kuɗin kanti.

"Ka tai da ita. In Turawanku sun tambaya, ka ce musu ta Sakkwato ta."

Da asuba jikansa ya kai ni tasha. A bakin hanya wata tirelar albasa ta tsaya, samari sun fi ashirin suna hawa saman buhunan, kowa da 'yar jakarsa da galan ɗin ruwa, 'yan ci-rani masu zuwa Ikko. Wasu ba su fi shekara sha shida ba. Na san inda zan gan su: a gadin ƙofofin Agbara, a turin baro a kasuwar Mile 12, a kan babur a Ota. Yaron ya tsaya yana kallonsu har motar ta tashi. Sannan ya zaro ambulan mai ruwan ƙasa daga cikin rigarsa, takardunsa ne na makaranta, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Baba, ko na wucin gadi ne."

Na buɗe jakar kawu na sa ambulan ɗin a ciki. Direba ya ce saura mutum ɗaya mota ta cika.